Tawada ta ƙi zama a kan kati: laifin hatimi ne ko na takarda?

Ummu 'Yan Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu aikin hannu ku taimaka min. So nake in yi ƙananan katunan barka da Sallah da hannuna, in riƙa sakawa cikin ledar turaren wutar da nake sayarwa. Na sayi hatiman nan na roba masu haske, waɗanda ake mannawa a jikin ɗan gilashi, na haɗa da baƙar tawada irin ta ofis. Duk bugun da na yi sai tawadar ta taru ɗigo-ɗigo, gefen furen ya fito, tsakiya babu komai. Wanda ya ɗan fito ɗin ma, washegari da na taɓa sai ya biyo yatsana. Kwalin mai sheƙi ne, irin na katin biki. Ina matsalar take?

Malamin Zane:
Wa alaikumus salam. Hajiya, hatiminki lafiyarsa ƙalau. Kwalin da tawadar ne ba su dace da juna ba. Tawadar ofis rini ce a cikin ruwa, kuma yadda take bushewa shi ne takarda ta shanye ta. Kwali mai sheƙi kuwa an shafe fuskarsa, wani ma leda ce aka manna masa, to ina tawadar za ta shiga? Sai ta zauna a sama tana jiran yatsanki. Ki nemi kwali marar sheƙi, mai laushin fuska, ki sake bugawa da wannan tawadar dai kafin ki kashe ko sisi.

Anti Mai Lalle:
Gaskiyar Malam ne. Amma batun ɗigo-ɗigon nan akwai wani abu kuma. Sabon hatimi mai haske yakan zo da santsi a fuskarsa daga masana'anta, ruwa ba ya son kwanciya a kai. Ki ɗauki farar kilina ta 'yan makaranta ki goge fuskarsa a hankali, ki wanke da sabulu, ki bari ya bushe. Sannan kar ki danna hatimin cikin soson tawada kamar yadda ma'aikacin ofis yake yi. Ki kwantar da hatimin rigingine a kan tebur, ki ɗauko soson ki riƙa dangwala masa a hankali har ki ga ko'ina ya kama.

Ummu 'Yan Biyu:
Ikon Allah! Ni fa dannawa nake da ƙarfina, har ina jujjuya shi don ya sha sosai.

Anti Mai Lalle:
Shi ne kika cika ramukan zanen da tawada. Wajen bugawa ma haka, ki ɗora sau ɗaya, ki danna da tafin hannu ko'ina daidai, ki ɗan dakata, ki ɗaga tsaye. Da kin karkata shi dama da hagu, layin zai fito biyu. Tsakiyar da ba ta fitowa kuma, teburinki ne ba shi da daidai ko ya cika tauri. Ki shimfiɗa tsohuwar mujalla ko ɗan siririn soso a ƙarƙashin kwalin.

Mai Ɗab'i:
Ni dai tambayata ɗaya, Hajiya. Guda nawa kike so? In sun kai ɗari, me ya kai ki wannan wahalar? Ki kawo rubutunki, a tsara miki a kwamfuta, a buga, a yanka, kafin la'asar kin tafi da abinki. Wannan aikin hatimin na Turawa ne masu lokaci.

Malamin Zane:
Alhaji, ai su Turawan ma da injin suka fara sayar da kati. Katin Kirsimeti na farko da aka buga don sayarwa, a Landan ne a 1843, wani Henry Cole ya sa aka yi masa guda 1000. Amma ka san abin da ya sa na kawo shi? Bayan an buga zanen, da hannu aka bi su ana sa launi ɗaya bayan ɗaya. Tun farkon abin, injin da hannu tare suke tafiya. Hatimin roba kuma daga baya ya zo, bayan Charles Goodyear ya yi rajistar hanyar gasa roba da farar wuta a 1844, aka samu robar da ba ta narkewa da zafi.

Mai Ɗab'i:
To Malam, tarihi mun ji. Riba fa?

Ummu 'Yan Biyu:
Alhaji ba riba nake nema a katin ba. Masu sayen turarena mutane ne da na sani, so nake in rubuta wa kowacce sunanta da hannu, ta san ita na nufa. Na ɗab'i ai kowa ya saba da shi, ana karantawa a yar.

Ɗan Zangon Kumasi:
Salam ga jama'a. Ina bin maganar shiru, amma da aka ce hatimi aikin Turawa ne sai na kasa haƙuri. Alhaji, ka zo nan ƙasar Asante ka je Ntonso, ba nisa da Kumasi. Can ake buga zanen adinkra a jikin yadi, kuma hatimansu da ɓallin ƙwarya ake sassaƙa su, a kafa musu 'yan tsinkaye a baya a ɗaure su wuri ɗaya a matsayin mariƙi. Tawadar kuma ɓawon wata bishiya ce da suke kira badie, a jiƙa, a daka, a yi ta dafawa har ta yi kauri ta yi baƙi. Saboda ƙwarya tana da ɗan lanƙwasa, su mirgina hatimin suke yi a kan yadin, saɓanin abin da Anti ta faɗa game da na roba mai shimfiɗaɗɗiyar fuska. Kowace alama da ma'anarta. Ba roba, ba gilashi, ba abin da aka shigo da shi ta jirgi.

Anti Mai Lalle:
Masha Allah, ƙanena. Kuma ka lura da abin da ka faɗa, sai sun dafa ta har ta yi kauri. Nan ne duk maganar take. Tawadar alƙalami daban, tawadar hatimi daban.

Gardi:
To a kan wannan nake da tambaya. Mu da muka tashi da tawadar allo, ba za ta yi ba? Gawayi ne da ƙaro, ba tsada. Ga kuma ta gabaruwa da ake rubutun takarda da ita.

Malamin Zane:
Alaramma, ta allo za ta buga, amma da sharaɗi. Na farko, ta cika ruwa, sai ka rage ruwan ka ƙara ƙaro har ta kama jikin soso ba tare da ta kwarara ba, kuma ka tace ta da kyau don tsakuwar gawayi ɗaya tana ɓata layi. Na biyu, ka fi ni sanin cewa don a wanke ta aka yi ta. Ƙaro yana narkewa da ruwa ko bayan ya bushe. In ka buga fure da ita sannan ka zo sa masa launi da fentin ruwa, baƙin zai tashi ya gauraya da launin. Ko gumin hannu ma yana iya jan ta. Ta gabaruwa ta fi zama, domin abin da ke cikin gabaruwar yana haɗuwa da ƙarfe ya yi baƙi, kuma yana ƙara duhu bayan ya sha iska. Amma ita ma ruwa-ruwa ce, a kan roba sai ta tattaru. Shawarata, ka buga zanen da wata tawadar, ka bar ta gabaruwa ga alƙalaminka ka rubuta gaisuwar. Rubutun gardi a cikin kati ai ya fi kowane hatimi.

Gardi:
Allah ya saka da alheri. Dama zayyana nake tunani, irin wadda muke yi wa allon sauka. In na yanka gefen zayyanar a hatimi ɗaya, sai in riƙa maimaita shi ya zagaye katin.

'Yar Damagaram:
Wannan shi ne zai yi kyau wallahi! Ni hatimaina duk ni nake yanka su, ban taɓa sayen na waje ba. Bari in faɗi yadda nake yi ko wani zai amfana.

Kilina babba fara nake samu, mai laushi, wadda ba ta marmashewa in an lanƙwasa ta. In zana abin da nake so a siririyar takarda da fensir mai baƙi sosai. Sai in kifa takardar a kan kilinar, in murza bayanta da farce ko gindin cokali. In na ɗaga, zanen ya koma jikin kilinar a juye, kuma a juyen ake son sa, domin in aka buga sai ya miƙe. Wanda ya rubuta kai tsaye a kan kilina, rubutunsa zai fito ta baya, boko ne ko ajami.

Wajen yanka, sabuwar reza ko 'yar wuƙar yankan takarda. Abin da mutane ba su lura da shi ba shi ne yadda ake riƙe ta. Kar a yanka tsaye, kar kuma a shiga ƙarƙashin layin. A karkatar da bakin rezar waje, yadda gindin layin zai fi samansa faɗi. In gindin ya fi siriri, bugu kaɗan layin zai karye. Kilinar nake juyawa, hannun da ke riƙe da reza yana wuri ɗaya. In na yi rabi sai in dangwala tawada in gwada a takardar banza, duk inda ya taɓa da bai kamata ba in rage. Ƙananan tabon da ke saura a fili wani lokaci barin su nake, su ne ke nuna aikin hannu ne.

Manyan siffofi kuma, kamar wata da tauraro ko hasumiya, tsohon silifas nake wankewa in yanka, in manna a kan guntun katako.

Ɗalibar Jami'a:
Anti silifas kuma? Na shiga uku, katin Sallah da silifas!

'Yar Damagaram:
Ke dai ki wanke shi, wa zai sani? In kina ƙyama ki sayi sabo, har yanzu ya fi hatimin waje araha. Sosonsa yana riƙe fenti fiye da kilina.

Malamin Zane:
Akwai ma dalilin da zai sa mai Hausa ya koyi yankan. Jerin haruffan roba da ake shigo da su babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. "Barka da Sallah" za ta fita lafiya, amma ranar da kika tashi buga "Allah ya ƙara lafiya" ko katin ɗaurin aure, sai kin bi da biro kina lanƙwasa kan harafi. Masu yanka hatimin ofis na bakin kotu da sakatariya ma suna iya yi miki in kin kai musu rubutun a tsare, ki dai tsaya ki duba kafin ki biya.

Ina koya wa yara bugu da kuɓewa. Ka yanka ɗanyar kuɓewa a tsakiya, ka goge yauƙin da tsumma, ka dangwala fenti. Fure ne sak yake fitowa, da 'yan ɗakunansa zagaye da tsakiya. Yaro ya jera guda uku, ya ja musu kara da koren biro, kati ya haɗu.

Mai Ɗab'i:
Kuɓewa, silifas, ƙwarya. Saura daddawa. To na ji, amma tunda kun dage bari in ba ku abin da na sani, kar ku je ku ɓata aikinku a wajen takarda. Kaurin takarda da giram ake faɗarsa. Takardar da ake fotokwafi da ita a shago giram 80 ce ko ƙasa da haka, ba ta tsayawa. Kati ki nemi giram 250 zuwa 300. Ki ce a ba ki marar sheƙi. A4 ɗaya in kin raba biyu kika ninke kowanne, kin samu kati biyu masu faɗin santimita 10.5 da tsawon 14.8, kuma akwai ambulan daidai su. Kada ki ninke kwali mai kauri haka kawai, bayansa zai tsattsage. Ki ɗora rula, ki ja layi da biron da tawadarsa ta ƙare, sannan ki ninke a kan layin. Kuma kwali yana da ɓangaren da ya fi yarda ya lanƙwasa. Ki ɗan tanƙwara shi ta tsawo, ki tanƙwara ta faɗi, inda ya fi sauƙi nan ne ninkin zai fi kyau.

Anti Mai Lalle:
Ka ga Alhaji ya shigo layi.

Mai Ɗab'i:
Ban shigo ba. Takarda dai nake sayarwa.

Ɗalibar Jami'a:
Ni abin da ke burge ni a bidiyon YouTube shi ne rubutun zinaren nan da yake tasowa, in ka shafa ka ji tudunsa. Na ga suna barbaɗa wani gari su hura masa zafi. Handirayar gashi za ta yi?

Anti Mai Lalle:
Ba za ta yi ba, ƙanwata. Iskarta ta yi yawa, zafinta ya yi kaɗan, garin kawai za ta watsa miki a ɗaki. Garin nan roba ce aka niƙa, sai ya narke yake yin sheƙi. Yadda abin yake, ana bugawa da tawada mai danƙo wadda ba ta saurin bushewa, irin su VersaMark da ba ta da launi. Tun tana ɗanya a zuba garin, a karkaɗe, ya maƙale inda tawadar take kawai. Sannan a kawo zafi. Akwai 'yar na'urar hura zafi da aka yi don haka. In babu, ki kifa dutsen guga fuskarsa sama, ki riƙe katin a samansa kaɗan ba tare da ya taɓa ba, garin yana kallon sama. Za ki ga ya sauya daga gari zuwa sheƙi yana tafiya daga gefe zuwa gefe. Da ya gama ki janye, in kin daɗe tudun zai nutse cikin takardar, ita kuma ta yi ja. In ba ki samu VersaMark ba, gilisarin na kemis a kan ɗan soso yana riƙe garin.

Da hunturu kuma ki yi hattara, garin yana manne wa ko'ina a jikin kwalin saboda bushewar iska. Kafin ki buga, ki shafa hodar jarirai kaɗan a fuskar kwalin ki kaɗe.

Malamin Zane:
Tunda an zo nan bari in raba tawadar kashi-kashi don Hajiya ta san me za ta tambaya. Akwai ta rini, mai saurin bushewa, takarda ke shanye ta, amma rana tana kashe launinta da daɗewa. Akwai mai garin launi, ta fi kauri, tana zama a saman takarda, tana jinkirin bushewa, musamman da damina, amma launinta ya fi daɗewa. Sai irin su StazOn da ke kama leda da gilashi da kwali mai sheƙi. In Hajiya ta nace sai kwalinta na farko, wannan ce maganinta, sai dai tana rina hatimi mai haske kuma tana da wuyar wankewa. Wanda zai sa fentin ruwa a kan zanen, ya tabbatar baƙar tawadarsa ba ta tashi da ruwa: ya buga a gefe, ya bari ta bushe, ya ɗiga ruwa ya gani.

'Yar Damagaram:
Malam ka manta da zoɓo. Ina dafa shi ya yi kauri in yi bangon kati da shi. In na ɗiga lemon tsami ya ƙara ja, in na taɓa shi da ruwan kanwa ya koma wajen kore. Yara har ihu suke.

Malamin Zane:
Ban manta ba, tsoronsa nake. Zoɓo da kurkum duk rana tana cinye su. Katin da za a ajiye a littafi, to. Wanda za a jingina a taga, kafin babbar Sallah ya koɗe.

Gardi:
Akwai maganar da nake son in yi tun ɗazu, ku yi haƙuri in ta fita daga batun tawada. Hajiya ta ce katin ɗab'i ana karantawa a yar. To na hannun ma wata rana za a yar. Don Allah duk mai yanka hatimi ya guji aya da Bisimilla. Ku dubi katunan ɗaurin aure bayan an watse, a ƙasa ake tattaka su, wasu a kwata. Hatimi kuwa da ka yanka shi sau ɗaya, ɗaruruwa zai buga.

Ɗalibar Jami'a:
Amma Malam, gaisuwarmu gaba ɗaya ai da sunan Allah take. "Allah ya maimaita mana", "Allah ya raya", "Allah ya ba da zaman lafiya". In an cire, me ya rage?

Gardi:
Ban ce haramun ba ne, ni ba mai fatawa ba ne. Na dai ce a yi tunanin inda takardar za ta ƙare. "Barka da Sallah" ta isa a fuskar kati. Addu'ar ki yi ta da baki lokacin da kike miƙawa.

Anti Mai Lalle:
Ni a nan ban bi ka duka ba, Alaramma. Aya na yarda, ba na sa ta. Amma addu'a da hannu a cikin kati, ga mutumin da na san zai adana, ina rubutawa. Wanda zan saka a ledar ciniki, da ban san hannun da zai faɗa ba, shi ne nake bari da fure da gaisuwa kawai.

Mai Ɗab'i:
Mu a shago in mutum ya kawo aikin katin biki mukan tambaye shi ko a cire. Wasu su yarda, wasu su ce dangin amarya za su ga kamar an yi rowar albarka.

Ummu 'Yan Biyu:
Nawa na ledar turare ne, don haka na ɗauki ta Anti. Yanzu na aika an sayo min kwali marar sheƙi, na goge hatimin da kilina, na shimfiɗa mujalla. Wallahi furen ya fito har da jijiyoyin ganyen! Saura abu ɗaya. Rubutun "Barka da Sallah" bai kama sosai ba a gefe guda, da na sake ɗorawa sai ya fito biyu.

'Yar Damagaram:
Da ido ba za ki taɓa mayar da shi daidai inda yake ba. Kina da tsohon kwanson faifan CD, mai buɗewa kamar littafi? Ki cire abin da ke riƙe faifan. Ki sa katin a ciki ki matsa shi a kusurwa ɗaya, ki ɗan kama shi da salatif. Ki ɗora hatimin a kan katin inda kike son rubutun, bayansa yana sama, ki rufe murfin, zai manne a jikinsa. Ki buɗe, ki sa tawada, ki rufe ki danna. In bai kama ba ki buɗe ki ƙara tawada ki sake rufewa, wuri ɗaya zai sauka ko sau nawa ne, muddin katin bai motsa ba. In akwai rata tsakanin murfin da katin, ki ƙara kwali a ƙasa.

Ɗan Zangon Kumasi:
Kwanson CD a wannan zamanin? Sai dai a tambayi masu shagon kaset na da.

Ummu 'Yan Biyu:
Akwai su cike da kwali a ɗakin maigidan, na wa'azi ne da ya hana kowa taɓawa. Zan roƙi ɗaya in ya dawo daga masallaci. Anti Mai Lalle, hatimin da me zan wanke shi in na gama? Sifirit?

Anti Mai Lalle:
A'a, sifirit yana lalata masu hasken nan, su yi tauri su tsattsage. Ruwa da sabulu kaɗan, ki bar shi ya sha iska, ki mayar da shi jikin ledarsa, kar ki ajiye inda rana ke bugawa. In ya daina manne wa gilashin, ƙura ce, wanka kawai yake so. Soson tawadar kuma ki rufe shi da kin ɗiba, ki ajiye shi a kife don tawadar ta tsaya a fuskarsa. Ki turo mana hoton na farkon da kika gama, ina son in ga wane launi kika sa wa furen.